Sabon Tasha Muka Ce, Malam

Tun ranar da bakina ya suɓuce na ce ni mazaunin Sabon Tasha ne kuma ina taƙama da Kudancin Kaduna, masu karatu suka sa ni a gaba. Wani Bakano, wanda daga alƙalaminsa ka san a zaure ya sha nahawu, bai ma tsaya kan maganar ba, sunan unguwar ya cafke. Wai tasha mace ce, Sabuwar Tasha ake cewa, kuma mutanen da bakinsu bai raba mace da namiji ba da me za su yi wa wani taƙama? Allah ya gafarta Malam, mun ji. Sai dai ranar da ka sauka a Kawo, ka gwada ce wa mai Keke ya kai ka Sabuwar Tasha. Zai kai ka, amma kuɗin baƙo za ka biya.

Hausar nan da kake yi mana gori a kanta, aro kuka ba mu, mu kuwa muka gina mata ɗaki. Da ita saurayin Kagoro yake zance da budurwar Bajju. Da ita Baturen gona yake magana da manomin Kachia. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, kuma idan ka bi ta Unguwar Boro ranar Lahadi ka ji matan zumunta sun ɗauki waƙa da tulu da kacau-kacau, za ka san harshen bai yi maraici a hannunmu ba. Wanda ya ba da aron tabarma shekara ɗari ba ya dawowa ya ce ga gefen da za a kwanta.

Abin da ya jawo duk wannan ce-ce-ku-ce malaminmu ne na lissafi, wani ɗan Pakistan da ya koyar da mu a sakandare a farkon shekarun 1980, zamanin da makarantun Arewa suke cike da malamai daga Indiya da Pakistan. Siriri ne, gashin bakinsa kamar an ja da tawada. Da wuya ya gama darasi bai ratse zuwa ƙasarsu ba. Yau dutsen K2 ne, na biyu a tsawo a duniya, mita 8,611, sai ya sa mu mayar da shi ƙafa a allo. Gobe Abdus Salam ne da ya ci lambar Nobel a 1979. Jibi Jahangir Khan ne, yaron da ba a iya kayar da shi a wani wasan buga ƙwallo a bango wanda babu ɗayanmu da ya taɓa gani. Wata rana ya zaro takardar kuɗin ƙasarsu daga aljihu ya zagaya da ita aji. A bayanta akwai hoton kango. Ya ce Mohenjo-daro ke nan, birni mai shekara fiye da 4,000, mai tituna a miƙe da magudanan ruwa a rufe. Mu da muka tsallako kwata uku kafin mu iso makaranta sai muka dubi juna.

Dariya muke yi masa a bayan ido, muna cewa in ƙasar ta kai haka me ya kawo shi nan yana shan ƙurar alli. Sai ranar da ya juyo ya tambaye mu wa ya taɓa zuwa Nok. Aji ya yi tsit. A cikinmu akwai 'yan Kwoi, waɗanda daga gidansu zuwa Nok tafiyar keke ce. Mutumin ya fi mu sanin abin da ke kwance a ƙarƙashin gonakin iyayenmu. Kunyar ranar ce ban gama biya ba, shi ya sa nake damun ku.

To, Malam na Kano, gyara zama. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba. Wajen 1943 aka sake tono wani, kan mutum sosai, kusa da Jama'a. Ka san abin da aka yi da shi? Wani ma'aikacin kuza ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa a matsayin mutum-mutumi. Kan da masana za su zo su riƙa ɗauka da safar hannu ya yi shekara guda yana gadin doya, rana da ruwa a kansa, kafin ya isa hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a Jos, wanda ya lura cewa hannun da ya yi wannan ɗan'uwan wanda ya yi na Nok ne. Idan ana neman tarihinmu a taƙaice, ga shi nan a gonar doya.

Tun daga 2005 masu bincike daga jami'ar Goethe ta Frankfurt suka yi shekaru suna tono a yankin, suka ce mutanen nan sun fara zama tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Almasihu, sun fara ƙera mutum-mutumin yumɓu wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, suka kuma narkar da tama. Gero da wake suke ci, da atile. A 2021 aka gwada tsofaffin tukwanensu aka samu ragowar kakin zuma mai shekara kusan 3,500. Wato gero da wake da atile da zuma. Je ka kasuwar Sabo yau da yamma, duk za ka same su a tire ɗaya.

Yanzu mu yi lissafi irin na malamina. Littafin tarihin Kano ya sa Bagauda a 999. Karofin Ƙofar Mata, da kuke kai kowane baƙo ya gani, 1498. Ban raina ko ɗaya ba, rigata ta bikin Kirsimeti ma can aka rina ta. Amma ranar da Bagauda ya hau mulki, kan da ya yi gadin doyar nan ya haura shekara dubu yana kwance a ƙasa yana jira. Kuna cewa ko da me ka zo an fi ka. To mun zo da shekaru, a fito da wanda ya fi.

Wani Basakkwace ya rubuto, cikin ladabi irin nasu mai yanka a hankali, ya ce ai tukwane fasassu ne, kuma ma wa ya ce masu yin su kakanninmu ne? Rankai daɗe, a nan ka taɓo gaskiya. Sunan ƙauyen da aka fara samun kayan ne aka laƙaba wa al'adar, kuma filin da ake tono su ya kai girman ƙasar Fotugal, ya ratsa Kaduna da Filato da Nasarawa da Neja har Abuja, inda Taruga take da tsofaffin matoyar ƙarfe. Ba wanda yake da takardar gado. Sai dai wannan amsar kai ta ɗaure, domin in ba na Jaba kaɗai ba ne, to da kai a ciki. Batun fasassu kuwa, a tambayi Faransa. A shekarar 2000, lokacin shugaba Shirak, gidan tarihi na Luba a Faris ya baje wasu mutum-mutumi uku da aka saya a hannun wani dillali na Beljiyam, aka yi ta cacar baki domin ta bayan gida suka bar Najeriya. A 2002 aka daidaita cewa na Najeriya ne, amma za su zauna can aro na shekara 25. Biyu daga ciki na Nok ne. Na ukun, Yallaɓai, daga ƙasar Sakkwato aka tono shi. Fasasshiyar tukunyarka na can a Faris cikin gilashi, ana biyan kuɗi a gan ta.

Bazazzagi kuwa, kamar yadda aka san su, gajeriyar tambaya ya yi: tarihi ake ci? A'a. Citta ake ci. Mafi yawan cittar da Najeriya ke nomawa daga Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu take fitowa, kuma Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen nomanta. Iri biyu manomanmu suka fi sani, Tafin Giwa da Yatsun Biri. Kun gani, Kanawa, ku kuna da tumbin giwa, mu muna da tafinta, kuma tumbi ba ya zuwa ko'ina sai tafi ya ɗauke shi. Cire citta daga yajin tsire, ka cire ta daga shayin mai shayi da kunun zaƙi da zoɓo da kunun mai jego, ka ga abin da zai rage na Hausa a baki. Da cutar ruɓa ta faɗa wa gonakin a daminar 2023, manoma suka tono ruɓaɓɓen iri suna hawaye, masu shayi daga Fagge har Maraɗi sai da suka ji a aljihunsu. Ranar ce wasu suka fara tambayar ina ne Kachia.

Abin da malamina ya fi so ya ba mu labari shi ne yadda ƙasarsu ta shiga tsakanin manya. A Yulin 1971 Kisinja, mai ba shugaban Amurka shawara, ya sauka a Pakistan, aka sanar cewa ciwon ciki ya kama shi, an kai shi kan tsauni ya huta. Ashe cikin dare an sa shi a jirgin Pakistan zuwa Bejin. Daga wannan ciwon cikin ƙarya aka haifi ziyarar shugaba Nikson zuwa Sin a Fabrairun 1972. In malam ya zo nan sai ya ajiye alli ya gyara kwalar riga, kai ka ce shi ya tuƙa jirgin.

Da zan gan shi yau, ni ma ina da abin gyara kwala. Janar Martin Luther Agwai namu ne. Ya yi mataimakin kwamandan rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Saliyo, rundunar da sojojin Pakistan suka shigo cikinta a 2001, wato 'yan'uwan malam sun sara wa ɗan Kudancin Kaduna. Ya zama Babban Hafsan Sojin Ƙasa a 2003, Babban Hafsan Tsaro a 2006, sannan a 2007 aka damƙa masa rundunar haɗin gwiwa ta Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya a Darfur, wadda aka tsara mata soja da 'yan sanda kusan 26,000. Janar Luka Yusuf, mutumin Kagoma, shi Laberiya ta ba riƙon sojojinta a 2006 lokacin da take sake gina su bayan yaƙi. Janar Christopher Musa na Zangon Kataf ya zama Babban Hafsan Tsaro a 2023, kuma Rankai daɗe na Sakkwato, a garinku aka yanke masa cibiya. Bishop Matthew Kukah, ɗan Anchuna, shi ma tun 2011 yana zaune a garinku, kuma yana cikin kwamitin Janar Abdulsalami da ya zaunar da Jonathan da Buhari suka sa hannu kan zaman lafiya kafin zaɓen 2015. Mun ba ku Bishop, kun haifa mana Janar, ina jin an yi canjaras.

Kada Kanawa su ce na ɓoye nasu. Murtala ne ya tsaya a Addis Ababa a Janairun 1976 ya ƙi bin umarnin Amurka kan Angola, kuma Maitama Sule ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata. Kun ga ni ina ƙirga naku cikin nawa ba tare da na shaƙe ba. Ku gwada ƙirga Agwai cikin naku sau ɗaya, ba ya karya azumi.

Wasiƙar da ta fi yi mini ciwo ba daga Arewa ta zo ba. Ɗan gida ne, daga nan bayan layin dogo, kuma da Baba ya fara kirana kafin ya soke ni. Ya ce, Baba, kun kai zaman lafiya Darfur da Saliyo, na gida wa kuka bar wa? Ɗana, ba ni da wasa a kan wannan. Kafanchan 1987, Zangon Kataf 1992, Kaduna 2000, bayan zaɓen 2011. Unguwar nan da nake taƙama da ita rabin cikarta gudun hijira ne: bayan 2000 garin Kaduna ya rabu a bakin kogi, Kirista suka kwaso kaya suka yo kudu, Musulmi suka kwashe nasu suka yi arewa, kowa ya bar maƙwabcin da suka yi shekara talatin suna musayar tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti. Da aka tashi sasanta mu, wata 'yar Kenya, Alice Nderitu, ita ta jagoranci zaman da ya kai al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu kan Yarjejeniyar Kafanchan a Maris 2016. Masu fitar da masu sulhu zuwa ƙasashen waje sai da aka shigo mana da mai sulhu daga waje. Kafin shekarar ta ƙare jini ya sake zuba a Godogodo da Goska. A Fabrairun 2017 kuma aka sace Farfesa Peter Breunig, shugaban masu binciken Nok, da abokin aikinsa a Janjala ta Kagarko. Su an sako su bayan 'yan kwanaki. Mutanen ƙauye biyu da suka bi sawu don ceto su ba su dawo da rai ba.

Duk wannan na sani, kuma malamina ma yana da irin nasa da bai taɓa rubutawa a allo ba. Shekarar da Pakistan ta haɗa Amurka da Sin, ita ce shekarar da gidanta ya tsage biyu: a Disambar 1971 gabashinta ya ɓalle ya zama Bangladesh bayan yaƙi mai muni. Wanzami ba ya son jarfa, kuma ba a Kudancin Kaduna aka fara ba. Amma ban ga sun daina yin abin da suka iya suna jiran ranar da gida zai gyaru ba. Ƙwallon da aka buga a gasar cin kofin duniya ta 2014 da ta 2018 da ta 2022, garin Sialkot na cikin inda aka yi su. Ƙananan jiragen koyon tuƙi da kuke ji suna shawagi a saman Kaduna, akwai Super Mushshak a cikinsu, guda 10 Najeriya ta saya daga Pakistan, ta ƙara da jiragen yaƙi JF-17 guda uku a 2021. Mutumin da muke yi wa dariya a aji, yau jirgin ƙasarsu ne yake wucewa ta kan rufin gidana. Mu kuwa har yanzu busasshiyar citta muke ɗurawa a buhu, wani ya niƙa a ƙasarsa, ya sa a kwalba, ya manna sunansa. In akwai abin da nake hassadar su a kai, to wannan ne, da kuma kangon da suka buga a bayan kuɗinsu don kowane yaro ya gan shi ranar da aka aike shi sayen gishiri.

Na san akwai mai jira in gama ya jefo maganar dala. Jefo, na riga ka. E, a Sabon Tasha ne hukumar EFCC ta ce ta samu dala miliyan 9.7 da fam 74,000 cikin akwatin ƙarfe a wani gida a 2017, kuma kotu ta wanke mai kuɗin a 2022. Mu dai abin da ya dame mu shi ne mun yi shekaru muna wucewa ta ƙofar gidan muna cin bashin garin kwaki. Tun daga lokacin duk wanda ya ƙi biyan kuɗin adashi sai a ce a duba ƙarƙashin gadonsa. Ku faɗa mini, a wace unguwar Kano aka taɓa samun irin wannan a gidan da ko fenti bai ishe shi ba? Ko a nan mun zo da abin da ba a fi mu ba.

Matatar mai da ke kan hanyar Kachia, wadda aka buɗe a 1980, ba zan sa ta cikin abin taƙama ba sai ranar da ta daina barci. Tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, mahaɗar da ta tara Ibo da Yarabawa da Hausawa da Fantswam tun 1927 ta mai da ƙauye birni, ita ma ciyawa ta fi fasinja yawa. Waɗannan na bar muku, ku yi ta zolaya, kun ci.

Amma ranar 1 ga Janairu akwai bikin Afan a Kagoro, a gindin dutse, garin da Gwamna Awan ya yi sarauta daga 1945 har 2008. Lokacin Ista akwai Tuk Ham a Kwoi, kuma daga can Nok ba nisa. Ruwan Matsirga na zubowa kusa da Kafanchan, bai taɓa tambayar kowa addininsa ba. Malam na Kano, Rankai daɗe na Sakkwato, da kai Bazazzagi mai gajeriyar tambaya, ku zo. Faten acca na wuyana, naman kuma a wurin mahaucin Bahaushe zan saya, ku ci hankalinku kwance. Ɗana na bayan layin dogo, kai za ka riƙe musu jaka, don na lura kai ma ba ka taɓa zuwa Nok ba. Motar Kwoi da ta Kafanchan daga tasharmu suke tashi da sassafe. In kun iso ku ce Sabon Tasha, kada direba ya ji nahawu ya ƙara muku kuɗi.